Ƙafar Baba da Ƙwayoyin Kududdufi

Shekarar da ciwon suga ya buɗe wa Baba gyambo a dunduniya, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike kan ƙwayoyin cuta. Wankin hula yake yi a Yakasai, aikin tsaye, dole ya rufe shago. Duk maganin da likita ya rubuta, ƙwayoyin da ke cikin gyambon sun riga sun saba da shi. Wari ya cika ɗakin, abokansa suka koma gaishe shi daga soro.

Abin da ya fi ci mini rai, a ɗakin gwajinmu ina kiwon abin da ke kashe irin waɗannan ƙwayoyin. A ruwan wani kududdufi na Gwammaja na samo su. Su ma bakteriya ne, amma 'yan'uwansu suke ci. Ƙanana ne ƙwarai, ga gudu. In ɗaya ta ci karo da babba sai ta manne mata, ta huda ta ta shige, ta toshe kafar. A ciki take cinye ta, tana tsawo kamar zare, sannan ta rarrabu, 'ya'yan su fasa gawar su fito neman wata. Ruwan da na bari dagule sai in dawo in tarar ya washe.

Na sami malamar da ke duba aikina, kwalbar ƙwayoyin a hannuna.

"Malama, na gwada. A farantin gwaji suna cinye irin na ƙafar Baba. Ki bar ni in zuba masa."

"A faranti," in ji ta. "Ba mu san abin da za su yi a jikin mai suga ba, kuma ruwan nan ba a tace shi don mutum ba."

Na durƙusa ina kuka, ina haɗa ta da Allah. Ta zare kwalbar daga hannuna ta mayar firji, sannan ta kai ni asibitin da aka kwantar da Baba a motarta.

Likita ya ce baƙin da ƙafar ta yi ya haura idon sawu, sai yanka. Baba ya dube ni, don na sha ba shi labarin yadda ƙwayoyin nawa ke farauta.

"Uwata, ina mafarautan naki?"

"Ba su kai ba tukuna, Baba."

Can ya ce a kira likitan, ya yarda.

Ƙasan gwiwa aka yanke. Ya warke, amma sai bayan babbar salla ya yarda wani ya ga dungulmin, ni ma har da ni.