Ruwan da Suruki Ya Kawo

Da kasuwar uraniyom ta faɗi, wasanni kamfanin haƙar da nake wa aiki ya fara yankewa kafin ya zo kan mutane. Aka karɓe motar da ke bin mu da ruwa in mun fita tsere, aka rufe ɗakin da muke ajiye kekuna, aka ce kowa ya ja nasa ya kai gida. Bayan ƴan watanni aka zo kan mutanen, ni ma sunana ya fito. Ban koma Maraɗi ba, don ban ga da wace fuska zan shiga gidanmu ba. Na kafa rumfa a bakin kasuwar Arlit ina liƙin taya da ɗaurin sarƙa, wata rana a samu na shinkafa, wata rana a sha shayi a kwanta.

Ekip ɗinmu, wato ƙungiyar wasanni ta kamfanin, da can muna da yawa, masu gudun ƙafa da masu keke. Masu gudun ƙafa su suka fara watsewa, don gudu da yunwa ba sa shiri. Muka rage ƴan kaɗan masu keke, da mai horar da mu, Shef. Shef Badamagare ne, tsohon mai walda, shi ma an sallame shi, amma usur ɗinsa bai bar wuyansa ba. Bayan sallar asuba zai tsaya a bakin kwalta yana zagin duk wanda ya makara har kakansa. Ni dai ba zan ce son wasa ke fito da ni ba a lokacin. In ina kan keke ba na tunanin komai, abin da nake nema ke nan.

Da muna miƙa hanyar Agadas har sai gari ya ɓace a bayanmu. Da tawaye ya tashi aka kafa shingen soja a bakin gari, sai muka koma zirga-zirga tsakanin Arlit da Akokan da ke maƙwabtaka da ita, mu je mu dawo, mu je mu dawo, har karnukan hanya suka daina yi mana haushi. A layi muke tafiya, na gaba ya tari iska, in ya gaji ya zame ya koma baya, na biye da shi ya karɓa. In ƙafar wani ta mutu, na kusa da shi ya ɗora masa hannu a baya ya tura shi. Haka Shef ya koya mana, kuma a kan wannan ba ya wasa.

Wanda ya fi mu duka wani abokina ne ɗan Abzin. Lambu gare su a cikin duwatsu, rijiyar ta ƙafe, ya sauko Arlit ya yi gadi a gidajen injiniyoyi har aka sallame shi. Dogo ne, siriri, kuma da rawaninsa yake tuƙa keke, fuska a rufe sai ido. Shef ya yi faɗa har ya gaji, wai rawanin na kama iska, wai zai shaƙe, ko a jikinsa. Hausarsa kuwa kowa namiji ne, har matarsa sai ya ce "ya dafa", mu yi ta dariya. Shi kuma ya ce da ni Bakatsine mai baki, don haka ake kiran mu mutanen Maraɗi, wai da da harshe ake taka feda da na riga kowa zuwa Makka.

Surukinsa, uban matarsa, tsoho ne da fari ya cinye wa raƙuma da awaki, ya bar shi da jaki guda. Yana zaune a Bukkoki, unguwar tabarmi da kwalaye da ke gefen gari, yana sayar da itace. Wata rana muna shan shayi a rumfata tsohon ya biyo da jakinsa ya tsaya gaisuwa. Abokina ya ajiye kofi, ya ja rawani har ƙarƙashin ido, ya kafa kai ƙasa. Tsohon ya daɗe yana hira da ni, shayin ya huce. Da ya tafi na ce haba malam, mu ma muna kunyar suruki, amma ba ta hana mu shayi. Ya ce su a wurinsu ba a ci, ba a sha, ba a kallon fuska, ba a kiran suna. Tun da ya auri ƴarsa tsohon bai taɓa ganin maƙogwaronsa ya motsa ba.

A watannin nan mai rawani irin na mutanen Abzin ba shi da kwanciyar hankali a garin, don da su ake zargin tawayen. Yau ka ji an ɗauki direba, gobe an ɗauki mai gadi, ba wanda zai gaya maka dalili. Tun muna tambaya har muka koma cewa Allah ya kyauta, mu ci gaba da abin da muke yi.

Ana haka aka ce za a yi tsere, don a nuna gari lafiya yake. Ƴan garin Cirozerin da ƴan Agadas za su zo cikin ayarin motocin da soja ke rakiya, kuma biyun farko za a kai su Yamai gasar ƙasa, da takardar da za ta wuce da su kowane shinge. Abokina ya gaya mini a fili cewa in ya isa Yamai ba zai dawo ba. Yana da ɗan'uwa mai gadi a can, zai zauna wurinsa, daga baya matarsa da ƴarsu su biyo kamiyo, babbar motar albasa, tunda mata ba a cika tsare su ba. Ba shi da wata hanyar fita da ta wuce wannan. Ban ji ɗar ba ko kaɗan, don duk yankin ba wanda zai sha gabansa, ko da rawani biyu ya naɗa.

Soja suka yarda a buɗe mana hanyar Agadas har wani wuri, mu juyo. Amma da sharaɗi: ba mai fita da bidon ruwa ko gora a jikin keke, wai ruwan da ya fita daji na ƴan tawaye ne. Wurin shan ruwa ɗaya ne, a majuya, kowa ya sa ƙafa ƙasa ya sha ya wuce. Mota kuwa babu. Shef ya yi ta yawon neman mai kai ruwa, kowa ya ce shi ba ya fita bayan shinge. Tsohon nan ne ya zo da ƙafarsa ya ce zai kai da jaki. Ya san abin da ke tsakaninsa da mijin ƴarsa, don haka shi da kansa ya tsara: zai rataye salka a jikin aduwar da ke wurin, ya ajiye kwano a ƙasa, ya ja jakinsa ya koma bayan tudu har sai mun wuce. Shef ya kawo wa abokina maganar, ya ce hakan ya yi.

Ranar tseren an ce da sassafe za a tashi, amma babban mutumin da zai ɗaga tuta bai iso ba sai da rana ta ɗaga sosai. Lokacin bazara ne. Muka tsaya a layi muna gasuwa, ana ta jawabi. Da aka sake mu, kafin mu yi nisa tawagar ta tsage, muka rage mu biyar a gaba: ni, abokina, ƴan Cirozerin biyu, da wani ɗan Agadas. Iska mai zafi na dukanmu daga gefe. Tun kafin rabin hanya yawuna ya ƙafe, harshena ya zama kamar tsumma. Abokina na gaba yana jan mu, bai ma nemi a karɓe shi ba.

Daga nesa na hango majuyar: tano guda, wato duro, a tsakiyar kwalta, motar soja a gindin aduwar, jaki a ɗaure. Da muka matso sai na ga tsohon a tsaye a bakin hanya, yana fuskantarmu, babban kwano a hannunsa biyu, soja ɗaya a bayansa, wani na tsiyayo masa ruwa daga salka. Daga baya muka ji yadda aka yi. Da tsohon ya ce wa sojan zai koma bayan tudu, suka ce mai rawani ba zai ɓuya musu a bayan tudu ba, ya tsaya nan inda za su riƙa ganin hannunsa. Ya yi musu bayani da ƴar Hausarsa, ba wanda ya saurare shi.

Abokina ya gan shi. Na ga ya saki hannu ɗaya ya ja rawanin sama, ya sunkuyar da kai kan tayar gaba. Ya kewaye tanon, ya miƙe kan feda, ya wuce.

Ni na tsaya na fizgi kwanon. Ina ɗaga kai na ga idon tsohon a rufe yake gam, ya matse shi har fatar goshinsa ta tattare, ya miƙo hannu ga duk wanda zai karɓa. Na sha, na mayar masa, ƴan Cirozerin suka karɓa. Na hau keke na bi abokina da duk ƙarfin da ruwan ya ba ni.

Sai da na yi tafiya mai nisa kafin na cim masa, kuma da na ga na cim masa na san da matsala, don ban taɓa kamo shi ba sai in shi ya so. Na jera da shi na ce, "Idonsa a rufe yake. Tun kafin mu iso ya rufe."

Ya ce, "Da gaske?"

Na ce wallahi. Ya waiga sau ɗaya. Aduwar ta riga ta zama ɗigo a bayanmu, ƴan Cirozerin kuma ga su nan tafe. Ya ce, "Ya kyauta." Ya ci gaba da taka feda.

Na shiga gabansa na tare masa iska. Ya bi ni na ɗan lokaci, daga nan na daina jin ƙarar sarƙarsa kusa. Na rage gudu na ɗora masa hannu a baya, rigarsa a bushe ƙayau, ko gumi babu. Ƴan Cirozerin suka wuce mu, ɗayansu ya waigo ya dube mu. Ɗan Agadas ma ya wuce. Keken abokina ya fara kai kawo a kan kwalta, yana bugun nawa. Muna hango tankin ruwan gari ya karkata ya faɗi cikin rairayi, a hankali, kamar wanda ya yi niyyar kwanciya.

Masu kallo na bakin shinge ne suka rugo da bokiti. Aka kwara masa, aka ɗura masa ta ƙarƙashin rawani. Da ya dawo hayyacinsa ya riƙe hannuna ya ce in faɗa wa mutane jijiyar ƙafa ce ta ɗaure masa, kada tsoho ya ji. Shef kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya zagi soja, ya zagi rana, ya zagi babban mutum mai tuta, sannan ya zauna a bakin kwalta. Ni ban ji komai ba. Ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba, ƙafafuna kawai ke ciwo. Da la'asar na buɗe rumfa na liƙe tayar wani mai kai burodi.

Ayari ya tashi da ƴan Cirozerin zuwa Yamai. Mu muka koma zirga-zirgarmu ta Akokan, abokina na gaba kamar kullum, yana tsokanata da mai baki. Maganar Yamai ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Ba a daɗe ba, wata safiya motocin soja suka shiga Bukkoki, inda shi ma yake zaune, suka kwashi maza, har da abokina. Shef ya busa usur a bakin kwalta muka jira, wata mai itace ce ta gaya mana. Muka yi atisayenmu ranar, don ba mu san abin da za mu yi ba in ba shi ba. Bayan watanni wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Wani ya ce an kai shi kudu, wani ya ce ya tsere ya hau dutse wajen ƴan tawaye, wani ya ce ya gan shi a Tamanrasat. Na ji iri-iri har na daina tambaya.

Da sanyi ya shigo tsohon ya zo rumfata yana jaye da keken. Bai iya riƙe shi ba, ya kama shi ta kai ɗaya yana jan shi a karkace, feda na bugun ƙwaurinsa. Ya ce ƴarsa ta ce a bar shi a wurina, za su koma wajen dangi a cikin duwatsu. Na shimfiɗa masa buhu, na ɗora shayi. Muka yi maganar itace, muka yi maganar jaki da ya rame. Ya sha kofin farko, ya juya shi a hannu ya daɗe.

Sannan ya ce, "Ɗana, ranar nan ta keke. Ni ban ga komai ba, hannuwa kawai na ji suna karɓa suna mayarwa. Mutumin gidan nan, ya sha?"

Na ce, "Ya sha, Baba. Shi ya fara sha, ni na karɓa daga hannunsa."

Ya kalli garwashi. Ya gyara rawaninsa.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe ba ni ba ne sanadi."

Na zuba masa kofi na biyu ya sha. Ya yi mini addu'a, ya tashi ya kwance jakinsa. Na ɗauki keken na rataye shi a bayan rumfa, na sace iskar tayoyin don kada rana ta fasa su.