Tarkon Adireshi Uku

Shekarar da aka mayar da ni Kebbe a matsayin malamin gona, aka ce kowa ya buɗe imel, don ta nan za a riƙa aiko mana da takardun aiki. Ban iya ba, sai na hau babur na tafi Tambuwal wajen wani mai shagon kwamfuta kusa da tasha. Mutum ne mai fara'a, har takan yi yawa. Shi ya buɗe mini, shi ya zaɓa mini kalmar sirri ya rubuta a takarda ya miƙo.

Wata biyu lafiya lau, sannan saƙonni suka fara shigowa. Wani ya ce na ci gasar da ban shiga ba. Wata ta ce matar wani janar ce da ya rasu, ba ta da kowa a duniya sai ni. Wani kuma ya ce za a rufe akwatina in ban turo kalmar sirri ba. Ga shi a ofishinmu ba a samun sabis sai an fita bakin katanga. In tsaya cikin rana ina jiran takardar rabon iri, in tarar maganin sanƙo ake tallata mini.

Kuskurena na farko, na amsa. Na rubuta wa matar janar cewa ta ji tsoron Allah. Ashe abin da suke jira ke nan, su tabbatar akwai mai karantawa. Na danna inda suka ce a danna in ba a son saƙonsu, sai abin ya ƙara yawa.

Daga nan na fara tambayar kaina: wa ya ba su adireshina? Zuciyata ta tafi kai tsaye wurin mai shago. Na canza kalmar sirri, na ɗauke ƙafa daga shagonsa. In ya ɗago mini hannu sai in amsa da ka. Har na ja abokan aikina biyu gefe na ce su yi hankali da shi.

Amma aikina ya koya mini ba a yanke hukunci kan iri sai an gwada shi a kunya daban-daban. Na buɗe sababbin adireshi uku, ban gaya wa kowa dalili ba. Na farko na kai wa mai shago, na ce ya turo mini wata takarda da ya buga. Na biyu na rubuta shi a takardar halartar wani taron manoma a Dogon Daji. Na uku na ba kawuna na Jabo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda ya riƙe ni ina ƙarami. Na sa shi ciki ne kawai don in samu wanda na tabbata da tsabtarsa, in auna sauran da shi.

Kullum sai na leƙa akwatunan nan kamar mai duba tarkon gafiya. Na mai shago shiru. Na ce wayo ne, ya gane. Na taron manoma, tallar taki guda ɗaya. Cikin sati na shida akwatin kawu ya fara cika: gasa, magani, har matar janar ta biyo ni can.

Na zauna na duba saƙonnin kawu da kyau. Kowace Juma'a yakan aiko addu'a da labarin dangi, wa ya haihu, wa ba shi da lafiya. A saman kowane saƙo ga adireshin duk mutanen da ya tura wa, jere a fili, tsofaffin ɗalibansa da wasu da ban taɓa jin sunansu ba, har da adireshina na farko. Kowa ya tura gaba, jerin ya tafi da shi.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Na daɗe ina gaisuwa kafin na shigo da maganar.

"Kawu, akwai wani layi da ake sa adireshin mutane ba tare da kowa ya ga na kowa ba. In ka yarda in nuna maka."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Mi za ni ɓoye? Addu'a nika aikawa."

Na yi masa bayanin gwajin duka. Nan na yi kuskure na biyu.

"Watau ni ka ɗana ma tarko?"

"A'a Kawu, wani nake zargi."

"Amma sunana na ciki." Ya mayar da tabarau. "Wanga aiki naka, ka iya shi."

Bai bari na taɓa wayarsa ba. Juma'ar da ta biyo saƙonsa bai zo mini ba, haka ta gaba. Haihuwar 'yar ƙanwata a bakin wani direba na ji ta.

Na koma Tambuwal na shiga shagon da na yi wata huɗu ina kauce wa. Na gaya wa mutumin abin da na yi zato da abin da na faɗa a kansa. Bai daina danna kwamfutarsa ba.

"Na ji tun tuni, Malam. Ɗaya daga cikin abokan aikinka ya taho ya gaya mini."

Sannan ya jawo mini kujera. Ya nuna mini yadda ake yi wa saƙo alamar banza ba tare da an buɗe shi ba, da yadda ake sa akwati ya riƙa tace wasu kalmomi da kansa, da yadda ake duba ainihin adireshin mai aikowa. Ya ce in ware adireshi ɗaya na aiki, ɗaya na rubutawa a takardun taro. Duk tsawon zaman bai yi mini dariya ko sau ɗaya ba.

Saƙonnin sun ragu sosai. Da sallah babba na je Jabo, kawu ya karɓe ni kamar kullum, bai ta da maganar ba. Da zan tafi ɗansa babba ya raka ni wajen babur, ya ce yanzu shi ke aika saƙon Juma'a a madadin tsohon, kuma yana ɓoye adireshin mutane. Na tambaye shi ko kawu ya sani. Ya ce in hau babur ɗina, rana na yi.