Ihu Daga Kan Tsamiya

A gidanmu na Sandamu, da an kwashe tuwo ba a kashe murhu. Kaka Hajjo ce ke jawo tabarma kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta ma jiran mu ce ta zo mu ji ta, sai dai kawai mu tsinci kanmu a tsakiyar labari.

Akwai na wani mai zuma da ya hau tsamiya duba amyarsa, ya hango wutar daji ta nufo rumbunan gari. Mutum ne mai ladabi, ya ga ihu ba girmansa ba ne. Ya sauko, ya je gida ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tafi zauren mai gari ya jira a yi masa iso. Yana cikin tambayar lafiyar iyali toka ta fara sauka a kan hularsa. Mu kuwa dariya har da birgima. Kaka ba ta dariya. "Ku dai yi ta yi, ja'irai," in ji ta. "Wanda ya hango wuta, daga kan icen yake ihu."

Yau ni ce a kan tsamiyar. Na ƙare ƙuruciyata ina binciken tsutsar da ke cin kan gero, da wani ɗan ƙwaro da ke kashe ta, wanda feshin magani ke hallakawa kafin ya taɓa tsutsar. Na rubuta da Turanci, na aika wa mujallar masana, suna can suna dubawa. Gero kuwa ya fitar da kai, bai san jira ba. Yayana Sale ya riga ya sayo maganin feshi, kuma gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Wallahi tsoro nake ji.

Abokan aikina sun ce masani ba ya tallar kansa a Fesbuk. Na ɗauki waya, na tsaya cikin gero, na yi bidiyo ina bayani da Hausar Kaka. Na tura ko'ina, har zauren manoma na Wasaf.

Da la'asar Yaya Sale ya kira. "Binta, wani ɗan Kongolam ya turo mini ke kina ta ihu a gona. Gobe da safe zan yi feshin. In dakata?"

Na ce, "Don Allah Yaya, ka dakata." Ban yi masa ko sallama ba.