Abin da na ɓoye wa Yaya Haruna

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haruna, direban a-kori-kura da ke jigilar amfanin gona daga Lausu da Kibiya zuwa Kano. Ya faɗi ne a bakin kasuwar Rano da buhun gyaɗa a kafaɗa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutane suka ce mutuwar fuju'a ce. Ni kaɗai na san ta yi sallama wata bakwai kafin ta shigo, kuma ni ta yi wa sallamar.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, ga farar hula sun dawo mulki, kowa na ganin gyara ya zo. Yaya Haruna har taba ya daina, bayan shekara talatin yana zuƙa. Wata rana ya kira ni zaure, ya ɗaga riga, ya ɗora hannuna a saman cibiyarsa. Na ji wani abu yana harbawa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka ga na samu zuciyar ajiya, kamar taya."

Muka je Kano aka yi masa hoto. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, ni likita ya ja gefe. Ya ce babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki ce ta kumbura, daidai inda jijiyoyin ƙoda suka rabu da ita. In ta fashe, babu lokacin ceto. Maganinta a tsaga ciki tun daga ƙirji har mara, aiki mai haɗari da masu iya shi ba su da yawa. Kafin nan, in ji shi, dole Yaya ya daina ɗaukar kaya, ya riƙe maganin hawan jini.

Na fito na sami Yaya a kan benci. Ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Gyambon ciki ne, Yaya. Ka rage yaji."

Haka muka taso muka gani. Ba a faɗa wa majinyaci ciwon da zai karya masa zuciya, kuma ƙane ba ya duban idon yayansa ya ambaci mutuwa. Tausayi muke kiransa. Na dai ce ya rage ɗaukar kaya, ya ce gyambo ba ya hana namiji ɗaga buhu. Yaji kuwa ya bar shi ƙaf. Wata bakwai yana cin tuwo lami saboda ya yarda da ni. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Ba na cewa da na faɗa masa da ya rayu, ajali ba ya jinkiri. Amma yana fushi da 'yarsa Hadiza da ke aure a Kibiya, kan wata magana da ba ta taka kara ta karya ba. Kullum sai ya ce zai je bayan girbi. Mutumin da ya san kwanansa ya ƙure ba ya jiran girbi.

Bana, ina wanka, na ji irin wannan harbawar a cikina. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ɗana Kabiru ya kai ni Kano. Bayan hoto, likita ya dubi Kabiru ya ce, "Baba ya ɗan jira mu a waje." Na kalli fuskar Kabiru, na gane irin amsar da zai fito da ita. Na gyara zama na ce, "Likita, cikin nawa ne. Ni za ka faɗa wa."

Ya faɗa mini. Ciwon ɗaya ne, wurin ma ɗaya. Sai dai yanzu ba dole a tsaga ciki ba. Ana ɗan yanka matsematsi, a zura wani bututu ta cikin jijiya har wurin kumburin, a buɗe shi ya zauna kamar shafin riga. An huda masa ƙofofi daidai awon mutum, don jini ya ci gaba da zuwa ƙoda. Amma wuraren da ake yin sa kaɗan ne, galibi sai an bar ƙasa, abin da ya fi ƙarfin tsohon malamin firamare irina.

Da Yaya yana nan, na san zai ce faci ne ake yi ba a kwance taya ba, ya yi dariya. Sannan ya tambaya yaushe abin zai iso Rano. Gwamnatoci nawa suka zo suka wuce, har yau bai iso ba.

Motarsa ta daɗe da zama gidan kaji. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne yardar da ya yi da ni, da kuma Hadiza. Makon jiya na je Kibiya na faɗa mata komai. Da na gama, ta ce, "Baffa, da ka faɗa masa, da ya zo."

Ta tashi ta kawo mini tuwo, ta ajiye yaji a gefe. Na kasa taɓa yajin. Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa ya yafe mini.