Tumbin da Ya Hana Ni Cika Alkawarin Baba

A shekarun da nake son ba ku labari, ni saurayi ne ɗan ƙauyen Miri, siriri kamar sillen kara, wanda in iska ta taso abokai kan ce in yi maza in kama bishiya. Noma muka gada, dawa da gero. Saboda rashin jikina, ni ake sakawa cikin rumbu in za a ɗebo hatsi. Baba ne ke hawa tsani ya ɗage murfin, ya kama hannuwana biyu ya zura ni a hankali har ƙafata ta taɓa zangarniya. Har yau in na lumshe ido ina jin ƙamshin dawar nan da sanyin cikin rumbun, ina hango fuskarsa can sama, haske ya kewaye ta. Wata rana yana cikin zura ni sai ya yi dariya, ya ce yau shi ke saka ni, wata rana ni zan saka shi a kabarinsa, kuma in yi masa a hankali yadda yake yi mini. Na ce na yi alkawari, ina dariya ni ma.

Daga baya kawuna ya ba ni tsaron shagonsa na hatsi a birni, kusa da Ƙofar Wambai, ya haɗa mini da babur. Aikin kuwa zama ne a kan buhu tun safe har la'asar. Da safe masa da miya, da rana shinkafa da lemon kwalba mai sanyi, da yamma tsire, in na koma gida kuma tuwon Inna ba a ƙin sa. Duk da haka na ga jikin yana yi mini nawa, domin a ganina ba a kiran ramamme Alhaji. Sai wani abokina ya nuna mini ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, na dinga afawa kamar gyaɗa. Kafin a jima wuya ya cika, tumbi ya turo riga. A Miri kuwa sai yabo, tsofaffi na cewa birni ya karɓe ni, abokai na kira na ƙaramin Alhaji, ni kuma ina wani basarwa ina shafa ciki. Na daina zuwa gona. Masallacin da ke bayan gidanmu ma sai na hau babur.

Abin mamaki, in na ci na ƙoshi na gyangyaɗa a kan buhunan, mafarki guda nake yi. Sai in gan ni ina gudu a tsakanin kunyoyin gonarmu, ƙafata ba ta ko taɓa ƙasa, ganyen dawa na shafar fuskata, Baba na can ƙarshen gona yana yafito ni. Kullum kafin in isa gare shi nake farkawa, jiƙe da gumi, ina huci kamar wanda ya yi dambe. Baba kaɗai ne bai taɓa yaba tumbin ba. Sau ɗaya ya dube ni ya ce jiki ba rumbu ba ne, rumbun ma ana zubawa ana ɗiba. Na ɗauke ta maganar tsofaffi, na bar ta a nan.

Da kaka, an gama girbi, Baba ya kwanta 'yar gajeriyar jinya ya cika. Makabartarmu tana da ɗan nisa, ta cikin gonaki ake bi. Na kama gaban makara, na ce ba mai karɓa ta. Ba mu ko wuce gidajen ƙarshe ba ƙirjina ya ɗaure, jiri ya ɗebe ni, wani ya yi wuf ya sa kafaɗarsa. Na zube a kan wata kunya ina kallon makarar tana tafiya bisa kawunan mutane, tana ƙanƙancewa cikin karan dawa, tamkar mafarkin nan nawa, sai dai yau ba farkawa. Da na ja jiki na isa, na tarar ana jira na, ashe Baba ya taɓa gaya wa liman zancen alkawarin. Na durƙusa zan sauka, gwiwoyina suka ƙi, ƙasar bakin kabarin ta fara zaftarewa ƙarƙashina. Liman ya dafa kafaɗata, ya ce in bari, Allah ya ga niyyata, ya kira ƙanena ya sauka. Na tsaya a sama ina leƙen su, a inda Baba ya saba tsaya mini, hannuwana ba komai. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta matsa mini na je asibiti. Likita ta ce jinina ya hau, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa, ta yi mini faɗa sosai a kan ƙwayoyin. Yanzu na watsar da su, na rage ci, na koma riƙe fartanya, kuma yawanci da ƙafa nake zuwa bakin titi.

Na rubuto ne saboda samarin ƙauyukanmu da suka samu babur da wurin zama, suna auna arziki da girman ciki. 'Yan'uwana, tumbi ba shaidar samu ba ne, kuma masu yaba muku shi ba za su taya ku ɗauka ba. Akwai ranar da za a nemi jikinku ya yi wani aiki da ba a wakiltawa, kuma ba ta sallama kafin ta zo. Nawa tumbin yana sauka a hankali, alhamdulillahi, amma ba a sake buɗe kabari don wani ya cika alkawari.