Irin Waken Innata

Ko zan manta komai na shekarar da na yi haihuwar fari, ba zan manta ranar da na kwance bakin buhun nan ba.

Innata ta rasu ana tsakiyar kaka, saura wata guda in haihu. Tana da 'yar gayauna a bayan gidanmu, a wani ƙauye kusa da Minjibir, inda duk damina take shuka wani jan wake mai ƙananan ƙwaya a tsakanin gero. A wurin tata uwar ta gaji irin. Ba ya daɗewa a wuta, kuma ƙosansa ko babu yaji sai ka nemi ƙari. Bayan an share makoki, yayana ya kawo min kwano biyu a ƙaramin buhu, ya ce, "Ga na Inna, shi ta ware na iri. Sauran an yi sadaka da shi. Ke ce mace, ke za ki riƙe."

Aikin da ke kaina bai taka kara ya karya ba: in shanya waken ya sha rana, in cuɗa shi da toka, in ɗura a jarka in toshe. Na sha ganin Inna tana yi. Na jingina buhun a bayan ƙofa, na ce sai na samu sarari.

Sai haihuwa ta zo. Wankan jego safe da yamma, ga 'yan barka, ga yarinya mai kukan da ba a ajiye ta. Surukata, wadda nake kira Iya, ita ke min wankan, kuma idonta ba ya wuce komai. Wata safiya tana fita da bokiti ta taɓa buhun da ƙafa, ta ce, "Mai jego, waken nan fa ba ya jiran arba'in. Kawo in sa miki toka."

Na ce, "A'a Iya, bar shi, da hannuna nake so in yi. Gobe in Allah ya kai mu."

Ta ce, "Goben nan taki dai ta fi kowace gobe nisa."

Muka yi dariya. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, duk sanda na kai hannu kan buhun sai in ga Inna, sai in janye. Ga gajiya kuma ta gaske. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, na sami lokacin kitso, na sami na yawon arba'in, har bikin 'yar maƙwabta na je na wuni. Da buhun ya ishe ni da kallo, sai na tura shi ƙarƙashin gado.

Damina ta sauka, gero ya tasa, maigida ya ce ya bar min kunya shida a gonarsa, in ba shi irin. Na durƙusa na jawo buhun, yarinya a bayana. Tun daga rashin nauyinsa na san ba lafiya. Ina kwancewa ƙwari suka watso har kan zanina. Na zura hannu na ɗebo, rabi gari, rabi ɓawo, kowace ƙwaya da huda uku ko huɗu. Na zazzage a faifai na tsince wanda na ga da dama-dama, bai cika tafin hannuna ba. Iya ta tsaya a kaina, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta kwance yarinyar daga bayana kawai, ta bar ni na yi kukana. An shuka ɗan abin da na tsince, ko ɗaya bai fito ba.

Washegarin ranar da na tabbatar bai fito ba, na goya 'yata na nufi ƙauyenmu, ina bi gida-gida ko wani yana da irin. Kowa sai ya nuna min farin wake na zamani. A ƙarshe na je wurin aminiyar Inna, tsohuwa ce da ido ya fara yi wa nisa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ayya 'yar nan, ai uwarki kaɗai ta rage tana shuka shi a garin nan. Mu duk mun daɗe da bari. Na wurinki shi ne ƙarshe."

A zaurenta na zauna. Ranar na ji mutuwar Inna fiye da ranar da aka fita da ita.

'Ya'yana huɗu yanzu, hidima ta ninka ta wancan lokacin, amma ban ƙara jiran sarari ba, don na gane mai goyo ba ta da shi. Abin da zai lalace in an bar shi, shi nake fara yi, ko yaro na tsala kuka a bayana. In aikin ya yi min ciwo a rai, in miƙa wa wanda ya ce in kawo. Wancan aikin na waken Inna, da na yi shi, kafin tukunya ta tafasa na gama. Kakata ta riƙe irin nan ta miƙa wa Inna, Inna ta riƙe ta miƙo min, a hannuna ya ƙare.