Ni da Buhun Irin Iya

Ranar wata Talata ce bayan la'asar, a farkon damina, ina da shekara tara, kwana uku da rufe mana lakwal, wato makarantar boko. Ina zaune a tsakar gidanmu na Tasawa ina carafke, tunkiyar Inna tana tauna wankin da aka ce in tsare, sai ga Baba ya faɗo gida da awon ɗinki rataye a wuya, wayar salula a hannu, yana haki. "Ruwa ya sauka Isawan," ya ce da Inna, "tun hantsi ake zuba shi." Inna ta jingine taɓarya. Ni kuwa na watsar da duwatsuna na daka tsalle, don na san yau zan tafi wurin Iya.

Baba tela ne a Tasawa, amma gandun gidanmu yana wani ƙauye kusa da Isawan, can arewa da Mayahi, inda ƙaninsa yake zaune da kakata, wadda muke kira Iya. Shekarar da ta gabata gonaki ba su yi ba, yunwa ta sa suka cinye har geron da suka ajiye na iri. Baba ya yi ta sayen iri tiya-tiya har ya cika babban buhu na gandu, da wani ƙarami na gamanar Iya, wato ƴar gonarta ta kanta. Ya tura su ƙarƙashin gadon Inna, ya ƙi aikawa da wuri don kada yunwa ta sake kai musu hannu. Ƙasar can rairayi ce, ba ta riƙe danshi. In ruwa ya sauka yau, gobe da safe ake shuka, jibi an makara. Motar kasuwa kuma sai bayan kwana uku. Dole iri ya kwana a hanya. Ni abin da ya dame ni daban ne: Iya ce ta riƙe ni tun yaye har aka sa ni lakwal, shekara biyu ban sa ta a ido ba, kuma Baba ya yi mini alkawari da bakinsa cewa ranar da za a kai iri da ni za a tafi.

Matsalar ita ce moton Baba, wato babur ɗinsa. Wata uku ke nan da ya saye shi na hannu, kuma iyakar tafiyarsa kasuwa. Inna takan ce ko jaki ya hango sai ya tsaya ya ba shi hanya. Kafin ya fito da moton ƙofar gida labari ya zaga unguwa, masu shawara biyu suka iso. Akwai Iliya mai gyaran moto, wanda shagonsa ke jikin majami'arsu, hannunsa kullum baƙi ƙirin. Akwai kuma Baba Agali, tsohon maƙwabcinmu da ya yi ƙuruciyarsa a bayan raƙumi, yana ganin duk wanda bai kwana a daji ba yaro ne. Iliya ya zube kayansa a kan tabarma: shambur na cikin taya, famfon hura iska, buji biyu, wato fulogi, sarƙar canji, da bidon esans, wato fetur. Baba Agali ya dube su a wulaƙance ya aika aka ɗauko bargo, salkar ruwa, butar shayi da wata doguwar sanda.

Daga nan kaina ya ɗaure, kuma bai kwance ba har dare. Ni ce ƴar aike. Iliya ya ce a ƙara wa taya iska saboda kaya, na danna famfo har hannuna ya yi ja. Baba Agali ya ce a rage saboda rairayi, aka tsiyayar da wahalata ina kallo. Iliya ya ce ba mai hawa moto da dare ba kaske, wato hular kwano. Baba Agali ya ce sanyin asuba bayan ruwa ba abin da ke tare shi sai rawani, ya naɗa wa Baba nasa da hannunsa. Baba mutum ne mai kunya, ba ya iya ƙin maganar kowa, sai ya yi ƙoƙarin cusa kasken a kan rawanin. Ya tsaya masa a tsakar ka kamar an kife ƙwarya a kan tulu. Matan gida suka leƙo ta zaure suna dariya. Ni ma an shirya ni: rigar sanyin yayana, wani tabarau mai faɗi da Iliya ya ara mini don ƙwari, da zanen Inna da za a ɗaure ni a bayan Baba kada barci ya kayar da ni. Na yi ta zagaya unguwa a haka ina gumi, ina yi wa ƙawayena sallama da fankama.

Bayan magariba aka ɗaura kaya da igiyar roba. Babban buhu a baya, ƙarami a kan tanki, bido a gefe, sauran tarkace ko'ina, ni a matse a tsakiya. Baba ya tayar da moto, muka yi taku goma, tayar baya ta zauna, gaban ya ɗaga, muka tafi luu muka jingina da katangar maƙwabta. Aka sauke mu. Aka cire butar shayi, aka cire sanda da bargo, aka cire sarƙa. Kowane abu sai an yi musu a kansa kafin ya sauka. Aka sake gwadawa, taya tana gogar ƙarfe. Iliya ya ce esans da shambur ba sa taɓuwa, in ba so ake Baba ya wayi gari yana tura moto wajen Kanan-Bakashe ba. Baba Agali ya ce ruwan sha ma haka. Sai na ga a karon farko bakin su biyun ya zo ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Ban gane ba, na ɗauka an gama.

Baba ya kwance zanen, ya sauke ni. Ya sunkuya ya ɗaga ƙaramin buhun Iya da hannu biyu, ya ɗan jijjiga shi, ya ajiye. Sannan ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni sama, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarama. Daɗi ya kama ni, na yi dariya na rungume wuyansa. Ya riƙe ni ya daɗe. Da ya dire ni sai ya cire mini tabarau a hankali ya miƙa wa Iliya. "Balki, ɗiyata," ya ce, "ke in kin kwana nan ba ki lalacewa. Shi wanga in ya kwana, Iya ba ta da abin ci bana." Na tsaya cikin rigar sanyi ina jiran wani ya ce wasa ne. Sai da jar fitilar moton ta sha kwana na fasa kuka, na yi fushi da Baba, da Iliya, da ruwan sama, har da Iya da ba ta san ana yi ba.

Baba ya isa ƙauye da hudowar rana, bayan ya faɗi sau uku, aka shuka. Da girbi Iya ta aiko mini da dami guda daga gamanarta, ta ce a gaya mini geron nan a wurina ya zauna a kan moto, don haka nawa ne. Na ci tuwonsa ina kumbure-kumbure, amma na cinye.

Yanzu ni ma ina da moto da nake zuwa aiki da shi, ina da kaske daidai kaina, kuma in ruwa ya sauka a ƙauye hotonsa nake gani a waya kafin ya ɗauke. Iya ta daɗe da rasuwa, Baba ya tsufa, ko buta ba ya ɗagawa sai da hannu biyu. Na taɓa tambayarsa ko a daren nan rungumata ya yi ko auna ni ya yi. Ya ce ya manta. Ni ban manta ba, don daga ranar bai ƙara ɗaukata ba.